Tashin Almasihu: me za mu koya wa 'yan ajin baftisma kafin Ista?

Malamar Lahadi, Tudun Wada:
Salama, iyayena da yayyena. Saura mako huɗu Ista. 'Yan ajin baftisma sun haddace labarin gicciye tiryan-tiryan, daga Gatsemani har Golgota, amma da an tambaye su amfanin tashin Yesu daga matattu sai a ji "don ya nuna yana da iko", shi ke nan. Wata yarinya ma cewa ta yi tun da mutuwarsa ce ta biya zunubi, ko bai tashi ba ai an gama magana. Ta ina ake fara gyara wannan? Tsari nake nema da ayoyi.

Katikis na Wusasa:
'Yata, yarinyar nan ba ta yi laifi ba, abin da muka ba ta shi ta dawo mana da shi. Muna yin wa'azin jini da ƙaya da ƙusa har mutane su yi kuka ranar Jumma'a, ranar Lahadi kuwa sai waƙa da rawa da sabon ɗinki, wa'azin minti goma sha biyar.

Kada ki fara da Bishara. Ki fara da 1 Korantiyawa 15, domin Bulus ya amsa tambayar yarinyar nan kai tsaye. Daga aya 14 zuwa 19 ya jera abin da zai rushe in Almasihu bai tashi ba: wa'azi ya zama banza, bangaskiya ta zama banza, manzanni sun zama shaidun zur a kan Allah, har yanzu muna cikin zunubanmu, waɗanda suka mutu cikin Almasihu sun hallaka, mu kuma mun fi kowa zama abin tausayi. Ki sa su nemo waɗannan shida da kansu, kowa ya ja layi a Littafinsa. Ki daɗe a kan aya 17. Sai ki haɗa da Romawa 4:25, inda aka ce an ba da shi saboda laifuffukanmu, aka tashe shi domin kuɓutarmu. Sojojin Roma sun gicciye dubban mutane, biyu ma suna gefensa a ranar. Ta yaya za a san mutuwar wannan ɗaya Allah ya karɓe ta? Tashin ne amsar Allah. In babu shi, gawar wani malami nagari kawai muke da ita.

Ɗalibin Tauhidi, Kongo:
Baba Katikis ya ɗora mu a hanya. Ƙari kaɗan a kan aya 3 zuwa 8 ta 1 Korantiyawa 15, don nan ne gindin shaida. Bulus ya ce abin da ya karɓa shi ya miƙa, wato ba shi ya ƙirƙiro kalmomin ba. Huɗu ne: ya mutu, an binne shi, an tashe shi a rana ta uku, ya bayyana. Sai jerin waɗanda suka gan shi: Kefas (wato Bitrus), sha biyun, 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci guda, Yakubu, dukan manzanni, daga ƙarshe Bulus kansa.

Lissafin shekaru yana da amfani ga yaran sakandare. Bilatus ya yi gwamnan Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa 36, masana kuma suna sa gicciyen a shekara ta 30 ko 33. Bulus ya rubuta wasiƙar daga Afisa wajen shekara ta 53 zuwa 55. Tsakani bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, shi ya sa ya iya cewa yawancin mutum 500 ɗin suna da rai, wanda ke shakka ya je ya tambaya. A Galatiyawa 1:18-19 kuma ya ce ya je Urushalima ya zauna da Bitrus kwana 15, ya ga Yakubu ɗan'uwan Ubangiji. Wannan Yakubun yana cikin 'yan'uwan da Yahaya 7:5 ta ce ba su gaskata da Yesu ba tun yana wa'azi. Daga baya shi ne jagoran ikilisiyar Urushalima, marubucin tarihin Yahudawa Yosifus kuma ya rubuta cewa an jefe shi a shekara ta 62.

Dattijo, Samaru:
Ɗana, ban ƙi lissafinka ba, amma a yi hankali kada ajin baftisma ya koma kotu. Masu gadin kabari sun fi kowa kusa da abin da ya faru, amma kuɗi suka karɓa suka ce an sace gawa, Matiyu 28:11-15. Hujja ba ta tuba da mutum. Yesu kansa ya ce wa Toma masu albarka ne waɗanda ba su gani ba amma suka ba da gaskiya.

Ɗalibin Tauhidi, Kongo:
Gaskiya ne Baba. Sai dai kafin ya faɗa wa Toma haka, sai da ya nuna masa hannuwa da kwiɓi. Bai kore shi don ya yi tambaya ba. Yaran nan za su shiga jami'a, za a yi masu tambayoyin nan a ɗakin kwana. Gara su fara jin su a bakinmu.

Dattijo, Samaru:
To, a ba su. Amma mako ɗaya ya isa, kada a cinye huɗun a kai.

Rabaran, Sabon Gari:
Tambayoyi uku ne ke kayar da malaman aji, kusan kullum su ne.

Ta farko, kwana uku. Yaro zai ƙirga daga yammacin Jumma'a zuwa asubahin Lahadi ya ce bai ga dare uku ba, alhali Matiyu 12:40 ta yi maganar yini uku da dare uku kamar na Yunusa. Kada ki ce masa "asiri ne". Ki zana layi a allo. Yahudawa suna fara rana daga faɗuwar rana, kuma ko ɓangaren yini ne suna ƙirga shi yini guda. Yesu ya mutu wajen ƙarfe uku na yamma, aka yi gaggawar binne shi kafin rana ta faɗi domin Asabar ta kusa shiga: rana ta ɗaya. Daga faɗuwar ranar Jumma'a zuwa faɗuwar ranar Asabar: ta biyu. Daga nan ta uku ta shiga, da asuba aka tarar da kabari a buɗe. In awa za a ƙirga, wajen 36 ne ko da ɗan ɗori, ba 72 ba. Ki nuna masu Esta 4:16, inda ta ce a yi azumi kwana uku dare da rana, sai 5:1 ta ce a rana ta uku ta shiga wurin sarki. Haka suke magana. Su ma almajiran hanyar Imuwasu a Luka 24:21, ranar Lahadin suka ce yau kwana na uku ke nan.

Ta biyu, mata nawa suka je kabari. Matiyu ya ambaci biyu. Markus uku, har da Salome. Luka ya ambaci Maryamu Magadaliya da Yuwana da Maryamu uwar Yakubu da waɗansu. Yahaya ya ambaci Maryamu Magadaliya kaɗai, amma ki duba 20:2, cewa ta yi "ba mu san inda aka sa shi ba", wato ba ita kaɗai ba ce. Mala'iku ma haka: ɗaya a Matiyu da Markus, biyu a Luka da Yahaya. Kuskuren da ake yi shi ne ɓoye wa yara wannan, ran da suka gano da kansu sai su ɗauka an yaudare su. Ki raba su rukuni huɗu, kowane rukuni da Bishara ɗaya, su cika tebur: wa ya je, yaushe, me aka gani, me aka ce. Za su ga inda aka bambanta, su kuma ga inda duka huɗun suka haɗu: ranar farko ta mako, da sassafe, mata ne suka fara zuwa, Maryamu Magadaliya na ciki, dutse a kawar, gawa babu. Kuma a zamanin ba a ɗaukar shaidar mace da nauyi. Luka 24:11 ta ce manzannin kansu sun ɗauki maganar matan tatsuniya. Mai shirya ƙarya ba zai sa mata a sahun gaba ba.

Ta uku, ko suma kawai Yesu ya yi, bai mutu ba. Markus 15:44-45: Bilatus bai ba da gawa ba sai da ya kira jarumin soja ya tabbatar. Yahaya 19:34: an soke shi da mashi a kwiɓi. Aya 39: Nikodimu ya kawo mur da al'ul da nauyinsu ya haura kilo 30, aka naɗe shi da su cikin likkafani. Wanda aka yi wa bulalar Romawa, aka kafa masa ƙusa a ƙafa, ba zai farfaɗo ya ture dutsen da mata uku ke tunanin wa zai kawar masu ba, balle ya taka kilomita 11 zuwa Imuwasu a ranar.

Ɗan Kwaya, Basawa:
Ranka ya daɗe Rabaran, akwai saƙon da ke yawo a WhatsApp duk shekara, wai mayafin kan Yesu da aka tarar a naɗe gefe guda cikin kabari alama ce ta Yahudawa, in maigida ya naɗe adikon cin abinci yana nufin "zan dawo". A saka a darasi?

Rabaran, Sabon Gari:
A'a. Babu wannan al'ada a tsofaffin rubuce-rubucen Yahudawa, 'yan intanet ne suka haife ta. Mayafin gawa ne, ba adikon tebur ba. Abin da Yahaya 20:6-7 ke nunawa ya isa: ɓarawon gawa ba ya tsayawa ya kwance likkafani ya naɗe mayafi.

Ɗalibin Tauhidi, Kongo:
Wani abu da zai iya tasowa: waɗansu bugun Littafi Mai Tsarki suna sa Markus 16:9-20 cikin baka, ko da ɗan bayani a ƙasa. Dalili shi ne tsofaffin kwafi biyu na Helenanci na ƙarni na 4, Sinaiticus da Vaticanus, sun tsaya a aya 8. Ki faɗa masu a fili. Sanarwar tashin tana aya 6, wadda ke cikin kowane kwafi, bayyanuwarsa kuma tana Matiyu, Luka, Yahaya da wasiƙar Bulus.

Katikis na Wusasa:
Kuma ki duba wane bugu kowa ya riƙe. Wanda ya gaji tsohon juyi na 1932, wanda Likita Mila na nan Wusasa ya yi aiki a kai, zai ga Matta da Yohanna, mai sabon juyi zai ga Matiyu da Yahaya. Yaro na iya ɓata rabin darasi yana neman littafin da ke hannunsa.

Maman Zumunta, Palladan:
Malamai, kun yi ta kabarin Yesu, ku zo ga namu. Wurin jana'iza ne ake gane abin da ikilisiya ta gaskata. Ku saurari wa'azin biso a garin nan: "ya tafi gida", "ta huta", "Allah ya ɗauki furensa", wani ma har "ta zama mala'ika". Sai a rufe rami ba a ce uffan ba a kan cewa jikin nan da aka sa a ƙasa zai tashi. Matanmu da yawa sun ɗauka rai ne kawai zai je sama ya zauna har abada, jiki kuwa ya gama aiki. Alhali duk Lahadi muna faɗa da bakinmu a Shaidar Bangaskiya cewa mun gaskata da tashin jiki.

Katikis na Wusasa:
Mama, kin taɓo inda ke ciwo. Matakai biyu ne, mu kuma mun riƙe na farko mun saki na biyu. Na farko: mai bi in ya mutu yana tare da Ubangiji, Luka 23:43, Filibiyawa 1:23, 2 Korantiyawa 5:8. Wannan gaskiya ne, ta'aziyya ce. Amma jira ne. Na biyu: ranar da Almasihu zai dawo, matattu za su tashi da jiki, 1 Tasalonikawa 4:13-18, Filibiyawa 3:21. Mutum ba ya zama mala'ika, ba a taɓa yi mana wannan alkawari ba.

Bulus ya kira Almasihu nunan fari na waɗanda suka yi barci. Manomi ya fi kowa gane wannan. In aka karyo tumu aka gasa, ba girbi aka yi ba, amma duk wanda ya ci ya san geron gonar ya kama hanya, kuma irin abin da ke hannunsa shi ne zai cika rumbu. A Littafin Firistoci 23:10-11 an umarci Isra'ila su kawo damin farko na girbi, firist ya kaɗa shi gaban Ubangiji kashegarin Asabar. Yadda jikin Yesu ya tashi, haka namu zai tashi. Shi ya sa ya kamata yara su san wane irin jiki ne. A Luka 24:39 ya ce a taɓa shi, fatalwa ba ta da nama da ƙashi. Ya ci gasasshen kifi a gabansu. Tabon ƙusa yana nan. Duk da haka ya tsaya a tsakiyarsu ƙofofi na kulle, Maryamu ta ɗauka mai lambu ne, na Imuwasu ba su gane shi ba sai da ya gutsuttsura gurasa. Shi ne dai, amma an sāke shi. Aya 42 zuwa 44 ta 1 Korantiyawa 15 ta faɗi sauyin: ruɓa zuwa rashin ruɓa, ƙasƙanci zuwa ɗaukaka, rauni zuwa iko.

Ki bambanta masu da Li'azaru. Shi dawowa ya yi cikin tsohuwar rayuwa, ya fito a ɗaure da likkafani sai da aka kwance shi, manyan firistoci har suka ƙulla su kashe shi, Yahaya 12:10, wato mai sake mutuwa ne. Haka 'yar Yayirus da ɗan gwauruwar Nayin. Romawa 6:9 ta ce Almasihu ba zai ƙara mutuwa ba.

Maman Zumunta, Palladan:
Ga tambayar da mata ke yi a ɓoye, ba sa iya ɗaga hannu a majami'a. Wadda mijinta ya ƙone a rikici, ko aka tafi da ɗanta daji ba a ga gawa ba, ko ruwa ya ci, ko aka yanke wa ƙafa a asibiti. Tana jin ana cewa kaburbura za su buɗe, nata kuwa ba shi da kabari.

Rabaran, Sabon Gari:
A amsa mata tun ba ta tambaya ba, daga kan bagade. Wahayin Yahaya 20:13 ta ce teku ya ba da matattun da ke cikinsa. Wanda aka binne da akwati mai tsada da wanda ba a ga ƙashinsa ba, bayan shekaru duk ƙasa ne. Bulus ya ce abin da ka shuka ba shi ne jikin da zai fito ba, ƙwaya ce tsirara, Allah ne ke ba ta jiki. Tashin bai rataya a kan yadda aka adana gawa ba. Ikilisiya tana iya yin sujadar tunawa ko babu gawa, a karanta ayoyin nan, a kira sunan mamacin, kada a bar iyali rataye.

Wannan kuma ya shafi aljihu. Ajiye gawa wata biyu a mutuware ana jiran a tara kuɗi, anko, kanofi, saniya, buga littafin jana'iza mai launi, gwauruwa ta wayi gari da bashi da kuɗin makarantar yara. Mu girmama jiki, i, domin zai tashi: a wanke, a suturta, a binne da mutunci. Amma tsadar akwati ba ta ƙara wa mamaci komai. Kuma kada a hana mutane kuka. Bulus bai ce kada a yi baƙin ciki ba, cewa ya yi kada a yi irin na marasa bege. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru yana sane zai tashe shi.

Dattijo, Samaru:
Maganar anko a bar ta wani zaure, Rabaran, in ba haka ba matan Zumunta za su kore mu daga nan.

Maman Zumunta, Palladan:
Baba, mu ne ke biyan bashin, ba za mu kore shi ba.

Mai Bishara, hanyar Giwa:
Ni ina ganin kun mai da abin na gobe kawai. Ikon tashin na yau ne. Afisawa 1:19-20 ta ce ikon da ya ta da Almasihu yana aiki a cikinmu. Mutumin ƙauye da gonarsa ta lalace yana son ya ji cewa abin da ya mutu a rayuwarsa zai tashi, kasuwarsa, aurensa, lafiyarsa.

Katikis na Wusasa:
Ɗan'uwa, rabin maganarka daidai ne. Na yau ne, amma duba abin da nassi ya ce yana tashi yau. Romawa 6:4: mu yi tafiya cikin sabuwar rayuwa. Kolosiyawa 3 ta fara da cewa an tashe mu tare da Almasihu, sai ta lissafa abin da za a kashe: fasikanci, kwaɗayi, fushi, ƙarya, zage-zage. Mashayi ya bar kwalba, mai dukan mata ya daina, ma'aji ya daina taɓa baiko. Wa'azin "kasuwarka za ta tashi kafin Fentikos" matsalarsa ita ce yana da ranar ƙarewa. In Fentikos ta zo shago na nan a rufe, mutumin zai ce ko Allah ya yi ƙarya ko shi ne ba shi da bangaskiya, duka biyun kuwa guba ne. Bulus ya yi maganar sanin ikon tashinsa a Filibiyawa 3:10 yana ɗaure a kurkuku, a cikin ayar kuma ya haɗa da tarayya cikin shan wuyarsa.

Mai Bishara, hanyar Giwa:
To kada mu yi wa marar lafiya addu'a ke nan?

Katikis na Wusasa:
A yi, Yakubu 5 ta umarta. A roƙa, kada a yi alkawarin da Allah bai sa hannu ba. Kuma ka lura, Bulus na gama babin tashin matattu da cewa wahalarmu cikin Ubangiji ba banza ba ce, abin da ya biyo baya a 16:1-2 tara gudummawa ne domin tsarkaka a ranar farko ta mako. Manomin da gonarsa ta lalace, buhun masara daga ikilisiya yana cikin wa'azin.

Malamar Lahadi, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai. Saura ɗaya. Yaran suna zama da 'yan'uwa Musulmi a makaranta da unguwa, wasu ma gida ɗaya. Me za su ce in maganar ta taso?

Rabaran, Sabon Gari:
Su fara sanin abin da maƙwabcinsu ya gaskata, kada su ƙaga masa. Musulmi sun gaskata da tashin ƙiyama da hisabi, suna girmama Annabi Isa, sun yarda an ɗauke shi zuwa sama kuma zai dawo. Inda muka rabu shi ne gicciye: Suratun Nisa'i aya ta 157 ta ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba. Don haka gardamar kabari a buɗe ba ta da wurin zama, bambancin ya faro tun daga Jumma'a. Yaro ya iya cewa "ga abin da Littafinmu ya ce, ga dalilin da ya sa yake da muhimmanci a gare ni", ya tsaya nan. 1 Bitrus 3:15-16 ta ce a ba da amsa da tawali'u da ladabi. Ban da zagi, ban da taɓa abin da wani ke girmamawa, ban da jayayya a Facebook. Mu a Zariya mun san abin da kalma ɗaya ke iya jawowa. Abincin Ista kuma a kai wa maƙwabta kamar yadda suke kawo mana na Sallah.

Ɗan Kwaya, Basawa:
Me ya sa ranar Ista ke yawo? 2024 a 31 ga Maris, 2025 a 20 ga Afrilu. Kwaya na shan wahalar tsara rihasal.

Ɗalibin Tauhidi, Kongo:
Domin wata ake bi, kamar Idin Ƙetarewa. Tun bayan babban taron shugabannin ikilisiya a Nikiya na shekarar 325 ikilisiya ta tsaya a kan yin ta rana ɗaya, ƙa'idar da ta zauna kuma ita ce Lahadin farko bayan cikar wata na farko da ya faɗo a 21 ga Maris ko bayanta. Ba ta sauka ƙasa da 22 ga Maris, ba ta wuce 25 ga Afrilu. Ta 2026 tana 5 ga Afrilu. Da ka sami ranar, sauran lissafi ne: koma baya kwana 46 ka sami Larabar Toka, ranar fara azumi, azumin 40 ne domin ba a ƙirga Lahadi shida da ke ciki. Hawan Yesu sama ranar Alhamis ce, rana ta 40. Fentikos rana ta 50, Lahadi ta bakwai bayan Ista. 'Yan Otodoks, irin su Girka da Habasha, suna lissafi da tsohuwar kalanda, shi ya sa tasu kan zo daga baya, ko da yake a 2025 an haɗu rana ɗaya.

Sista, Sabon Gari:
Ga masu shirya sujadar daren Asabar. A wurinmu Katolika kashi huɗu ne: haske, karatun Kalma, baftisma, sai Jibi. Ana hura wuta a waje, a kunna babban kyandir mai ɗauke da gicciye da Alfa da Omega da lambar shekara, a soka masa ƙwayar turare biyar saboda raunuka biyar, a shiga majami'a cikin duhu. Karatun Tsohon Alkawari bakwai ne, ana iya ragewa, amma ba a tsallake Fitowa 14, ƙetare Bahar Maliya. Ƙa'ida ita ce a fara bayan duhu ya yi. In an fara da sauran rana saboda tsaro ko abin hawa, kyandir ba ya nuna komai, gara a jinkirta zuwa bayan magariba a rage karatu.

Abin da ke lalacewa: a bar kyandirori a mota cikin zafin bazara su lanƙwashe, a manta a kashe fanka iska ta hure su, kakin ya ɗiga a hannun yara. A yanka kwali zagaye, a huda tsakiya, a zura kowane kyandir. A ajiye bokitin yashi biyu a bakin ƙofa, mata masu gyale mai santsi su ba da tazara.

Rabaran, Sabon Gari:
Masu sujadar asuba kuma, a wannan lokaci rana na fitowa wajen shida da kwata zuwa shida da rabi. A fara biyar da rabi da fitila, a gama da haske. A rage lasifika, mutane na barci, maƙwabta na sallar asuba. In za a yi zagaye a titi, a sanar da jami'an tsaro da mai unguwa tun da wuri.

Baftismar nutsarwa: Maris da Afrilu ruwa ya ja baya, abin da ya rage a rafi da kududdufi tsayayye ne, nan ake ɗaukar tsargiya, ga fasassun kwalabe a ƙasa. A yi amfani da kwamin majami'a ko babban tanki, a wanke, a cika ranar Asabar, ruwa ya kai ƙugu zuwa ƙirjin babba. Mutum biyu a cikin ruwa, ɗaya na riƙe da baya. Kada a miƙa wa wanda ke cikin ruwa makirufo mai waya. Mata su sa tufa mai kauri mai duhu, 'yan Zumunta biyu na tsaye da zane a bakin fita. Kafin a shiga a karanta Romawa 6:3-5, su san shiga ruwan binnewa ce, fitowa kuma tashi.

Malamar Lahadi, Tudun Wada:
Ga yadda na raba. Mako na ɗaya, 1 Korantiyawa 15:1-20 da Romawa 4:25. Na biyu, teburin Bishara huɗu da ƙirgan kwana uku. Na uku, irin jikin da za a tashi da shi, Li'azaru, da abin da muke faɗa a jana'iza. Na huɗu, Romawa 6 da Kolosiyawa 3, da yadda za su amsa wa maƙwabta. Minti 45 kowane darasi. Ayar haddacewa Romawa 10:9.

Dattijo, Samaru:
Mako na uku ya yi nauyi, 'yata. Ki ɗauke Li'azaru ki kai shi na biyu. Kuma ki gayyaci iyayensu su zauna a na ukun, sun fi yaran bukatarsa.

Maman Zumunta, Palladan:
Ki turo mana rana da lokaci, za mu sanar a taron Zumunta. Litinin ɗin Galili kuma, wato kashegarin Ista, in za ku fita da yaran, kowa ya zo da ruwansa, a nemi inuwa, a dawo kafin la'asar.